Daga Bante zuwa Rigar Nono: Yadda Kayan Ciki Suka Sami Suna

'Yan uwa 'yan ƙungiya, a aikina na rubuta takardun kaya na lura ba hajar da ke sa ɗan kasuwa in-ina kamar kayan ciki. Tunda bikin cikar shekara lokacin waiwaye ne, bari mu duba inda sunayensu suka fito.

Kakanninmu suna da nasu. Namiji yana ɗaura bante, manomi da maharbi su ɗaura warki na fata, mace ta sa fatari a ƙarƙashin zane. Mai babbar riga kuwa sai ya fara sa 'yar ciki. Wannan suna ya nuna dabarar Bahaushe: kunya ba ta barinsa ya faɗi abu gatsau, sai ya ɗauki tsohuwar sutura ya ƙara mata "ɗan", "'yar" ko "ciki". Da sababbin kaya suka shigo ta kantunan Turawa, hanyar nan aka bi. Riga ta haifi rigar nono, wando ya haifi gajeren wando da wandon ciki.

Turawa ma haka suka yi. Bireziya da ake faɗi a Kantin Kwari asalinta kalmar Faransanci ce, sunan 'yar rigar da ake sa wa jarirai. Masu Turancin Ingilishi suka are ta a farkon ƙarni na 20 suka laƙaba wa rigar nono, alhali Faransawa ba haka suke kiranta ba. Shi ya sa wanda ya yi boko a Maraɗi ko Damagaram zai iya jin ta bambaraƙwai.

Shimi ta fi rikitarwa. Tushenta ɗaya da kalmar da Faransawa ke kiran rigar maza mai maɓalli. Ta bi ta Ingilishi ta iso Kano a matsayin rigar cikin mata. Kalma guda, haja biyu, iyaka a tsakani. Duk wanda ya yi oda ta waya daga Jibiya zuwa Ɗan Isa ya san abin da hakan ke jawowa: a buɗe dila a tarar da abin da ba a nema ba, ga kuɗin mota an biya.

Shawarata, in za ku rubuta oda, ku sa sunan Hausa na asali kusa da na aro. Rigar nono sunanta ke nan a Katsina, haka a Maraɗi. Allah ya sa wa kasuwa albarka.