Ɗigon da Ya Ware daga 'Yan'uwansa

A farkon shekarun 1960 ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta shiga tattara rubuce-rubucen malaman zango da na arewacin ƙasar, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda ya rasu a 1934. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar irin wannan aiki a Ibadan, a Yamai kuma Bubu Hama ya tara nasa. Kowane littafi aka yi masa kati a fihirisa: sunansa, mawallafinsa da shekararsa.

Sai dai katin da ke ɗauke da kuskure ba ya nuna aibinsa idan an dube shi shi kaɗai. Da aka fara zuba irin waɗannan bayanai cikin kwamfuta, kamar yadda Charles Stewart ya yi da littattafan Butilimit ta Muritaniya a shekarun 1980, sai hanya ta buɗe ta mai da dubban katuna zane guda: a ja layin shekaru, kowane littafi ya zama ɗigo a kansa.

Ga misalin abin da zane ke tonawa. Malamanmu kan rubuta shekara da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi, bisa lissafin Magrib, inda shin take 1000. A lissafin Gabas kuwa 300 ce. Haruffan shin, ra, lam da ba, a wurinmu 1232 ne, shekarar da Shehu Usmanu ya rasu, daidai da 1817. Wanda ya yi karatu a kan lissafin Gabas zai rubuta 532. A kan kati ba mai lura. A kan zane kuwa ɗigon zai koma baya da shekara 700, ya tsaya shi kaɗai nesa da 'yan'uwansa.

Haka batun sunaye. Wani ya rubuta Ibn Fudi, wani Ɗan Fodiyo, wani ya bi rubutun Faransanci. Idan aka zana yawan littattafan kowane mawallafi, sai a ga malami ɗaya ya rabu uku. Ɗigon da ya faɗo bayan rasuwar mawallafi kuma, galibi shekarar mai kwafi ce aka ɗauka a matsayin ta wallafa.

Amma zane nuni kawai yake yi. Gyara sai an koma ga warƙar ƙarshe ta littafin, a hannun wanda ya san ramzi da salon rubutunmu. Masu wannan sani suna raguwa a zangunanmu, littattafan kakanni kuma suna cikin adaka. Duk gidan da zai ba da nasa a rubuta a fihirisa, to ya zaunar da malami kusa da mai rubutawa, kada a raba kaka da littafinsa ko da zamaninsa. Allah ya jiƙan magabata.