Tarihin Kutare a Ƙasar Zazzau da Abin da Tausayi Ya Haifar

Yau daga nan Hanwa za mu miƙe kudu, mu wuce Tudun Wada da birnin Zariya, mu leƙa ƙauyen Saye da ke kan tsohuwar hanyar Kaduna. Duk wanda ya tashi a Zazzau ya san cewa idan aka ambaci Saye, asibitin kutare ne ke fara faɗo wa mutum a rai.

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe bai saba korar kuturu zuwa daji ba. A manyan biranenmu akwai sarkin kutare kamar yadda ake da sarkin makafi, shi ke sasanta rigingimun jama'arsa, ya kai kukansu fada. Kuturu yana shiga kasuwa, yana aure, har ma ana cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Sai dai tausayin wancan zamani bai wuce sadaka ba, domin babu magani, kuma ƙyama ba ta ɓace ba.

A 1873 wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo cutar. Ƙwayar nan jijiyoyi take kamawa, sai hannu ko ƙafa su daina jin zafi. Mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ruɓe, a hankali yatsu su guntule. Ashe guntulewar yatsu sakamakon jinkiri ne.

A zamanin mulkin mallaka aka kafa sansanonin kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, da namu na Zariya. Maganin lokacin allura ce ta man wata bishiyar Indiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Raba mutum da iyalinsa na shekaru ya sa da yawa suka riƙa ɓoye tabon da ke jikinsu har sai abu ya ɓaci.

Sauyi ya zo a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da aka gwada ƙwayar dafson a Uzuakoli da ke gabashin Nijeriya aka ga tana aiki. A shekarun 1950 aka buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyukan Arewa, inda majinyaci zai zo ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa. Nan take mutane suka fara fitowa da kansu. Malamin asibitin da ke gaisa da majinyaci hannu da hannu, ya tambaye shi iyali, shi ne layinsa ke cika, kuma nasa majinyatan ne ke dawowa har su kammala.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, waɗanda ake sha na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da su. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina yaɗa cutar. A 1991 asibitin Saye ya zama cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta, kuma a 1998 Nijeriya ta cim ma mizanin ƙasa da majinyaci 1 cikin mutum 10,000.

To, mai karatu, kada ka ɗauka an gama. Har yanzu ana samun sababbin masu cutar kowace shekara, wasu ma yara ne, wasu kuma sai sun nakasa suke zuwa asibiti. Me ya hana su zuwa da wuri, alhali magani kyauta ne? Tsoron kada maigida ya sallame su daga aiki, ko a fasa auren 'yarsu, ko a daina sayen abincinsu.

Saboda haka idan yaron shagonka ko maƙwabcinka ya nuna maka wani tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, kada ka ja da baya. Raka shi asibiti, ka riƙe masa sirrinsa, ka ajiye masa aikinsa har ya warke. Ka tsirar da yatsunsa, ka kuma tsare gidanka da unguwarku daga cutar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.