Sauya rumbun bayanai: Ina makomar rahotannin da ke fita da kansu?

A bankuna da ma'aikatu akwai ayyukan da kwamfuta ke gudanarwa da kanta a lokutan da aka tsara mata, kamar fitar da jerin albashi a ƙarshen wata, ko aika lissafin yini cikin dare.

To sai dai idan aka koma wani sabon rumbun bayanai, waɗannan ayyuka ba sa bin bayanan. Tilas a sake tsara su.

Alal misali, manhajar Oracle tana da nata tsarin saita lokaci, amma PostgreSQL sai an haɗa mata da wata manhajar kamar pg_cron.

Babban haɗarin shi ne rahoto ya daina fita, ko ya fita da giɓi, ba tare da kowa ya ankara ba.

Tsarin rubuta kwanan wata kan bambanta, haka kuma haruffan ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe zuwa alamar tambaya matuƙar ba a yi amfani da tsarin UTF-8 ba.

Don haka akan lissafa ayyukan tun kafin ƙaura, a gudanar da tsohon rumbu da sabo tare na wani lokaci ana kwatanta sakamakonsu, sannan a sanya gargaɗi idan rahoto ya makara.

A shekarar 2018 dai, ƙaurar da bankin TSB na Birtaniya ya yi zuwa sabon tsari ta hana ɗimbin abokan hulɗarsa shiga asusunsu, lamarin da ya janyo masa tarar fam miliyan 48.65 a 2022.