Yadda Motocin Da Aka Ajiye Suka Zama Garkuwar Masu Keke A New York

Har yau akwai tabo a gwiwata ta hagu, tun ranar da wani bawan Allah ya buɗe ƙofar motarsa ina tafe a kan keke, na yi karo da ita na faɗa tsakiyar titi. Allah Ya sa babu motar da ke biye da ni. Wannan tabon ne ya sa na bibiyi tarihin da zan ba ku.

A 1980 magajin garin New York, Ed Koch, ya dawo daga ƙasar Sin inda ya ga jama'a tururu a kan keke, sai ya sa aka keɓe wa masu keke hanya da shingen kankare a wasu manyan titunan Manhattan. Direbobi suka yi ca, ba a rufa wata biyu ba aka kwashe shingen. Aka koma ga farin layin fenti tsakanin motocin da ke tafiya da waɗanda aka ajiye, wato daidai inda ƙofa ke buɗewa. A ganina wannan tarko ne kawai.

Sai a 2007, lokacin da Janette Sadik-Khan ta zama kwamishinar sufurin birnin a zamanin Michael Bloomberg, aka aro dabarar Kopenhagen aka gwada a titin Ninth Avenue. Musayar wuri aka yi: keke ya koma bakin titi, motocin da aka ajiye suka matso ciki suka zame masa katanga, aka bar tazara tsakani don ƙofa ta buɗe ba ta taɓa kowa ba. To amma katangar da ta kare ka ita ce kuma ke ɓoye ka daga direban da zai karya kwana. Dole aka soke wuraren ajiye mota kusa da mahaɗa, aka kuma yi wa keke danja tasa daban.

Da aka kai irin wannan hanya titin Prospect Park West a Brooklyn a 2010, wasu mazauna unguwar suka garzaya kotu a 2011 suna neman a soke ta. Alƙali ya kori ƙarar a watan Agusta na shekarar, bisa dalilin cewa sun makara wajen shigar da ita, hanyar kuma ta ci gaba da aiki.