Tasirin Iska da Yanayi a kan Wasannin Dare na Fili: Nazari daga Yankin Tamawa, Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wasan dare a fili, ko na dandalin ƙauye ko na manyan wuraren shaƙatawa, a hannun sararin sama yake. Maƙalar ta dubi yadda hunturu, bazara da damina ke shafar irin waɗannan wasanni a tsakiyar Jihar Katsina. Ta nuna cewa iska ta fi ruwan sama haɗari, musamman tun da kayan wasa suka ƙara tsawo da faɗi.

1.0 Wasannin da Lokutansu

A Tamawa da sauran garuruwan yankin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar a yawancin ƙasar Hausa, manyan wasannin dandali irin su dambe, kokawa da kalankuwa an san su da kaka. Dalilin da aka fi kawowa shi ne an kawar da amfanin gona, akwai abin hannu. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika ambata ba: daga Oktoba hadari ya janye, sanyi bai kankama ba, dare ya yi lumui. Majigi, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa yawo da shi ƙauyuka a mota, shi ma ya fi armashi da rani, lokacin da hanya ke biyuwa. Hatta gidajen silima na farko a Kano, irin su Rex da aka buɗe a 1937, ba su da rufi a kan yawancin 'yan kallo.

Tashe ne ya fita daban, domin watan azumi yake bi. Watan azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka cikin shekara 33 yakan zagaye dukkan yanayi. A 2011 ya faɗo cikin Agusta, tsakiyar marka. A 2025 ya faɗo cikin Maris, farkon bazara. Bukukuwan aure, tarukan siyasa da na makarantu su ma ranarsu ba ta bin sararin sama.

2.0 Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Hazon nan yana warwatsa haske. Hoton majigi ya dusashe, fitila ta yi zobe, hayaƙin janareta ya tsaya a kan jama'a ya ƙi tashi.

Ƙin tashin hayaƙin alama ce ta wani abu mai muhimmanci. Da rana ta faɗi, busasshiyar ƙasa kan yi saurin hucewa, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi ta kwanta, mai ɗumi ta hau kanta. Sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi (kimanin mita 343 a daƙiƙa idan ma'aunin zafi na kan 20, yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kowane digiri), don haka amon da ya nufi sama sai ya lanƙwaso ƙasa. Shi ya sa ake jin kalangun dambe a ƙauyen da ke da nisan kilomitoci da daren hunturu. Ga makaɗi wannan riba ce. Ga maƙwabtan mai lasifika kuwa, takura ce.

Kwanciyar iskar ƙasa tana da yaudara. A daidai lokacin da ganye ba ya motsi a dandali, sau da yawa akwai iska mai ƙarfi tana gudu a tsawon 'yan ɗaruruwan mita, wadda ba ta saukowa sai hantsi. Manyan harsasan wasan wuta a wannan tsawon suke fashewa. A Disneyland da ke Kalifoniya ta Amurka, an sha soke wasan wuta a daren da 'yan kallo ba su ji ko sanyin iska ba, domin masu lura sun auna iskar sama sun ga za ta kai tartsatsi inda bai dace ba. A can ana tsoron rufin gini da kawunan jama'a. A nan abin tsoron ya fi haka: karan dawa a jingine, harawa a kan rumfa, dangar kara, rumbu cike da hatsi, duk a bushe ƙarau.

3.0 Bazara da Damina

A Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40, kuma ƙasa da gini ba sa hucewa da wuri, har na'urar majigi da ta ƙara sauti su riƙa ɗaukewa. Wannan matsala ce mai sauƙi. Mai wuyar ita ce hadarin farkon damina.

Mafi yawan ruwan wannan yanki jerin hadari ne ke kawo shi, wanda ke tasowa daga gabas ya yi yamma, yana tafiyar da ta kai kimanin kilomita 50 a sa'a, galibi da la'asar ko cikin dare. Kafin ɗigon farko, iska mai sanyi da ta faɗo daga cikin gajimare takan rigaye shi, ta taho da jar ƙura. A Mayu da Yuni, da ƙasa ba ta yi ciyawa ba, wani lokaci iskar kaɗai ke isowa, ruwan bai zo ba.

Ƙarfin da iska ke danna abu da shi ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi ya ninka sau huɗu. Allon majigi mai mita 4 a faɗi da 3 a tsawo, idan iska mai gudun kilomita 36 a sa'a ta buge shi gaba da gaba, yana ɗaukar nauyin da ya haura kilo 70. A gudun kilomita 72, wanda iskar gaban hadari kan iya kai wa, nauyin ya kusa kilo 300, wato buhun masara uku a kan turakun da aka ɗaure da igiya. Ɗan dambe da makaɗinsa sukan tattara su gudu cikin minti guda. Rumfunan haya, dandamalin ƙarfe da jerin lasifika ba sa guduwa. A ranar 13 ga Agusta 2011 irin wannan iska ta kayar da dandamalin waƙa a bikin baje kolin jihar Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka mutu. Kwana biyar bayan haka hadari ya kashe mutum 5 a bikin Pukkelpop na Beljiyam. A Indiyana, dandamalin ya faɗi ne kafin a kai ga sallamar jama'a.

Laima ma tana da nata tasirin, ko da yake ba ta kisa. Fatar ganga na saki idan iska ta jiƙe, sautin ya mutu, sai an ɗumama ta a bakin wuta. Mai kalangu yana da sauƙi, domin matsa tsarkiya a hammata na dawo da amo. Da kaka kuwa raɓa kan sauka cikin dare, musamman a fadamu da kewayen madatsar Zobe, ta jiƙa wayar lantarkin da aka shimfiɗa a ƙasa.

4.0 Abin da ya Kamata Masu Shirya Wasa su Lura

Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kuma na kwanaki kaɗan masu zuwa. Wannan ya wadatar wajen zaɓen rana, amma bai wadatar wajen zaɓen sa'a ba. A daren wasa dole a sa mutum guda wanda aikinsa kawai duban gabas, kuma a ba shi ikon tsayar da wasa ba tare da ya nemi izinin mai biki ba. Mai biki ya kashe kuɗi, ba zai so ya ga hadari ba.

Da damina, bai kamata faɗin allo ko bayan dandamali ya fuskanci gabas ba, kuma kyallen da aka ɗaura ya zama wanda za a iya kwancewa nan take. Game da tsawa, lissafin mai sauƙi ne: kowace daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da ƙararta na nufin nisan kilomita 1. Idan tazarar ta gaza daƙiƙa 30, hadarin na cikin kilomita 10, sai a kashe janareta a watse zuwa cikin gini ko mota mai rufin ƙarfe, ban da gindin bishiya. Ba a komawa fili sai an yi minti 30 ba a sake jin tsawa ba.