Arlit da Labaran Ɗan da Ya Ɓata Aka Gane Shi

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya ya san wani irin labari da ba ya tsufa. Yarinya ce ta tashi a hannun wata tsohuwa, ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba. Wani saurayi ya ganta yana so, amma danginsa suka ce ba su yarda ba, don ba ta da asali. Ana nan ana nan, sai wata rana a ga wani tabo a wuyanta, ko wani zobe da aka tsince ta da shi. Ashe ƴar gidan mutunci ce da aka daɗe ana nema. A yi kuka, a yi murna, a ɗaura aure.

Wasu manya sukan ce wannan tatsuniya ce kawai, ɓata lokaci ne. To, amma ruwa ba ya tsami banza. Idan muna son mu gane abin da ya sa mutane ke ƙaunar irin wannan labari, sai mu dubi tarihin wani gari da kusan kowa a cikinsa ya baro danginsa a wani wuri, watau Arlit, cikin jihar Agadas.

Garin baƙi

A 1957 aka fara gano ma'adinin yuraniyom a Azelik, yamma da duwatsun Abzin. Daga baya Faransawa masu bincike suka sami wanda ya fi shi yawa a arewa. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara gina garin Arlit a 1969, ma'adini kuma ya fara fita a 1971. A 1974 aka kafa kamfani na biyu, COMINAK, wanda ya fara aiki a 1978, garin Akokan kuma ya tashi kusa da shi.

Kafin wannan lokaci wurin nan makiyayar Buzaye ce, ba birni, ba kasuwa. Da aiki ya buɗe sai mutane suka yi ta kwarara: daga Tawa, da Maraɗi, da Damagaram, da Doso, da Yamai, har da mutanen Benin da Togo da Mali. Da yake Hausa ce harshen da ya fi haɗa su, ita ta zama harshen kasuwa da tasha. A shekarun da yuraniyom ke da tsada, kuɗi sun zauna a garin, har ana yi masa kirari da Paris ta biyu.

Amma a tuna, daga Arlit zuwa Agadas kaɗai ya fi kilomita 200, kuma sai wajen 1980 aka gama shimfiɗa kwalta daga Tawa. Wayar tarho ba ta hannun talaka. Saurayin da ya bar ƙauyensu ya tafi neman aiki, labarinsa sai dai a bakin direba, ko a wasiƙar da wani ya rubuta masa, wani kuma ya karanta wa tsohuwarsa. In direban ya sake hanya, ko mai karatun ya ƙaura, shi ke nan zance ya yanke. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to ina ƙafar da za ta taka wannan nisa?

Fari, yunwa da hanya

Ba aikin ma'adini kaɗai ya raba mutane ba. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobin makiyaya, iyalai suka watse, wasu suka nufi sansanin Lazare a Yamai, wasu Aljeriya da Libiya, wasu suka yi bukkoki a gefen Arlit. Yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari, ta sake yin irin wannan ɓarna. A irin waɗannan shekaru ne uwa kan ba da ɗanta riƙo ga wanda ke da hatsi, da niyyar in an sami sauƙi ta dawo ta ɗauke shi. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Sa'an nan darajar yuraniyom ta faɗi tun daga farkon shekarun 1980, aka yi ta rage ma'aikata. Tawayen arewa na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, su ma sun tarwatsa gidaje. Ga kuma hanyar Asamaka da Tamanrasat, wadda ta bi ta Arlit. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara daga yankin Kance. Ran 31 ga Maris 2021 kuma COMINAK ya rufe, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Wasu sun koma kudu da ƴaƴan da aka haifa a Akokan, waɗanda ba su taɓa zama da kakanninsu ba.

To, mai karatu, ka ga a irin wannan gari, maganar ɗan'uwan da aka rabu da shi ba ƙage ba ce. Abu ne da gidaje da yawa suka ɗanɗana.

Inda labarin ya samo tushe

Labarin ɓata da ganewa ya girmi Arlit nesa ba kusa ba. Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusufu, yadda aka raba shi da mahaifinsa Annabi Yakubu, aka sayar da shi a Masar, har Allah ya sake haɗa su bayan shekaru. A tatsuniyoyinmu ma akwai marainiya da kishiyar uwa ta wulaƙanta, daga baya gaskiya ta yi halinta.

Da aka fara rubuta ƙagaggun labarai da boko, wannan jigo yana cikin na farko. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai da Hausa. Cikin waɗanda aka samu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace zamanin bauta, aka ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka sayar da ita, ba su sadu ba sai a ƙasar da yau ake kira Libiya, tana gab da rasuwa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. Akwai kuma Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda soyayya da ramuwa suka kai ɗa ga kashe ubansa ba tare da ya san shi ne ba. Lura da kyau, waɗannan na farko ba su ƙare da biki ba. Marubutansu suna kusa da zamanin bauta, sun san yadda irin wannan rabuwa takan ƙare.

Daɗin ƙarshe ya ƙaru ne daga baya, kuma finafinan Indiya sun taimaka. Waqt na 1965, da Yaadon Ki Baaraat na 1973, da Amar Akbar Anthony na 1977, dukkansu labarin ƴan'uwa ne da suka rabu tun suna yara, suka girma a hannu daban daban, suka gane juna a ƙarshe. Hausawa sun daɗe suna kallon finafinan Indiya a silima, daga baya a kaset.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, musamman a Kano. Aka sami irin su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwan wasu. Littattafan ƙanana ne, masu araha, ana ba da su haya. Iyaka ba ta tare su ba, sun shigo Nijar cikin kayan fatake, hannu ya miƙa wa hannu. Yau kuma sun koma cikin wayar salula, wanda bai iya karatu ba ma yana saurare.

Me ya sa ake son su?

Na farko, a wurinmu aure ba na mutum biyu ba ne. Kafin a ba ka mata sai an tambayi asalinka, sai an ga waliyyi da baffanni. A ƙauye wannan ba wuya, kowa ya san kakan kowa. Amma a garin baƙi irin Arlit, wa zai shaidi wa? Shi ya sa soyayya da neman dangi suke tafiya tare a cikin littattafan nan. Ranar da yarinya ta sami ubanta, ranar ce ta sami mai ɗaura mata aure.

Na biyu, labarin yana gyara abin da duniya ta ɓata. Wanda aka rena, aka kira shi tsintacce, shi ne a ƙarshe ake ba wa haƙuri. Duk wanda ya taɓa zaman riƙo ko agolanci ya san daɗin wannan shafi.

Na uku, littafi yana da ƙarshe, jira kuwa ba shi da shi. Wanda ya mutu a gaban danginsa an yi masa sutura, an yi zaman makoki, an dangana. Amma wanda ya shiga mota ya nufi arewa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, uwarsa ba ta san ko ta yi masa addu'ar rai ko ta mamaci ba. Mai irin wannan ciwo, in ta ji labarin da aka buga ƙofa bayan shekara 20, zuciyarta takan ɗan huta.

Abin lura

Duk da haka akwai inda littattafan nan suke ruɗin mutane. Kusan kullum uban da aka gano attajiri ne ko basarake, kamar dai ɗan talaka bai cancanci a neme shi ba. Alhali kuwa ɗan'uwa rabin jiki ne, ko da riga ɗaya ya dawo. Haka kuma a littafi zobe ko tabo ne ke tona asiri. A zahiri abin da ke haɗa mutane shi ne suna da aka rubuta daidai, da sunan ƙauye, da takardar haihuwa, da lambar waya. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana da sashen neman dangin da suka ɓata, kuma abin da za su fara tambayarka ke nan.

Saboda haka, jama'a, kada mu hana ƴaƴanmu da matanmu karanta labarai, don da yawa ta nan karatunsu ya zauna. Sai dai mu ƙara da wani abu. Kowa ya sami littafin rubutu, ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna da rai. Ya rubuta sunan kakanni, da garin da aka fito, da sunan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, da shekarar da suka tafi. Mai shirin tafiya kuma ya bar adireshi a gida, ya riƙe na gida a aljihu. Allah ya sada kowa da nasa cikin alheri, amin.