Bakanike da Ma'aikacin Kamfani: Abin da Harshe Ya Riƙe na Tarihin Aikin Mota a Arewa

Tarihin masana'antun mota a Nijeriya ta Arewa yana da sauƙin rubutawa idan ranakun buɗe kamfanoni da sunayen waɗanda suka buɗe su ake nema, gama duk suna cikin takardun Gwamnati. Abin da ke da wuya shi ne labarin mutanen da suka riƙe sufana. Galibinsu ba su bar kome a rubuce ba, kuma tsofaffinsu suna ƙarewa. Amma akwai shaida guda wadda ba ta bi su kabari ba, watau kalmomin da sana'ar ta bari a bakin Hausawa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. A bayansa ne motocin ɗaukar kaya suka yawaita, suna kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tasha. Masu gyaran injuna na farko a reluwe da ma'aikatar ayyuka yawancinsu mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, a ƙarƙashin Turawan Ingila. Bahaushe ya shiga aikin ta ƙasa, yana lebura ko karen mota, yana kallo yana saurare.

Siffar kalmomin ta tabbatar da cewa da kunne aka koye su, ba daga littafi ba. A dubi direba, da salansa, da kafireta. A rubutun Ingilishi kowaccensu da harafin r ta ƙare, amma Turawan Ingila ba su furta shi a wannan wuri, saboda haka Bahaushe bai ji shi ba, bai kuwa ɗauke shi ba. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma, sai aka tsaga su da wasali, kamar yadda ƙa'idar Hausa ta tilasta: birki, fulogi, sitiyari. Lagireto kuwa ta sha wuya a hanya, har mai Ingilishi ba ya gane tasa ce. Oga, sunan da yaro ke kiran maigidansa a gareji, daga Yarabanci ta zo, ta kuma nuna hannun wanda sana'ar ta biyo kafin ta iso.

Mafi ban sha'awa duka ita ce bakanike. Kalmar asali da m ta fara, har yau ma wasu suna cewa makanike. Amma Hausawa sun ji farkonta kamar ba- na Bahaushe da Bakano, suka yi mata jam'i irin na ƙabila, suka ce kanikawa. Watau an ɗauki masu wannan aiki tamkar wata al'umma mai zaman kanta. Ba a yi kuskure ba ƙwarai, domin shiga cikinsu sai da reno. Uba ya kai yaro wurin oga, ya shekara yana wanke ƙarafa da miƙa sufana kafin a bar shi ya taɓa inji. In ya ƙware, bayan shekaru, sai a yaye shi, kalmar da ake yi wa jariri da almajiri. Bayan rikicin 1966, da 'yan Kudu da yawa suka koma gida, waɗannan yara ne suka gaji garejojin Kano da Zariya da Kaduna.

Sa'an nan sai ga zamanin kuɗin man fetur, Gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai. Steyr ya zauna Bauci, Fiat a Kano, Peugeot kuwa a Kakuri cikin Kaduna, inda Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar cikin 1975. Wannan wata irin rayuwa ce dabam. Akwai agogo, akwai albashin wata, akwai ƙungiyar ƙwadago da kayan aiki iri ɗaya. Mota tana tafiya a kan layi, kowane mutum da abin da yake ɗaurawa, daga safe har tashi. Mota ƙirar 504 ta cika hanyoyi, ta zama motar hukuma da ta haya, sunan kamfanin ya koma Fijo a bakin jama'a.

Amma fa a lura, haɗawa ake yi a Kakuri, ba ƙerawa ba. Shekaru da dama a jirgin sama ake kawo kayan daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ko da yake kamfanin na Faransawa ne, da ƙyar za a nuna kalmar Faransanci guda ta kayan inji da ta shiga Hausar Nijeriya ta wannan ƙofa, ban da sunan motar kanta. Kamfanin ya tarar da harshen sana'a ya riga ya kafu a gindin itatuwa, shi kuwa iliminsa mai zurfi can ya zauna inda ake zuba ƙarfe.

Raunin wannan tsari ya fito da kuɗin waje suka yi ƙaranci. Tsuke bakin aljihu na 1982, da faɗuwar darajar naira daga 1986, suka sa kayan haɗi suka yi tsada, aka yi ta rage ma'aikata. A nan bambancin horon biyu ya bayyana. Wanda ya shekara goma yana ɗaura ƙofa ya san ƙofa, wanda aka rena a gareji kuwa ya san mota tun daga hanci har wutsiya, kuma tsufan motoci kasuwa ce a gare shi. Wuraren da suka bunƙasa a wannan lokaci irin su Panteka ne a Kaduna, inda ake farfaɗo da abin da kamfani zai yar.

Cikin 2006 aka daina haɗa 504 a Kaduna, a shekarar ce kuma Gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta. Kafin nan tsofaffin motocin Turai masu shigowa ta Jamhuriyar Benin sun riga sun ci kasuwa, Hausa kuwa ta ba su suna daga tashar jiragen ruwan da suke sauka, ana ce musu 'yan Kwatano.